Ƙodar da Na Ba Yaya, da Maganar da Gidanmu Ya Kasa Yi

Ni malamar firamare ce a nan Kaduna. A Tudun Wada aka haife ni, a Kinkinau nake aure, 'ya'yana uku. A ƙarshen 2023 likitoci suka cire min ƙodar hagu suka dasa wa yayana, wanda muke uba ɗaya da shi amma kowa da ɗakinsu. Duk wanda ya ji labarin, tambayarsa ta farko ita ce ko aikin da zafi. Da zafi mana. Amma shi aikin na wuni guda ne. Abin da ya ci mana fiye da shekara shi ne a samu wanda zai buɗe baki a gidanmu ya ce, "To, wa zai bayar?"

Sai na fara da yadda gidan yake, in ba haka ba sauran labarin ba zai fahimtu ba. Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun zamanin da masaƙun ke aiki dare da rana. Matansa biyu: Hajiya ce uwargida, mahaifiyata Umma ce ta biyu. Yaya ɗan farin Hajiya ne, ni kuma 'yar farin Umma. Iyayen namu mutanen da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunana a bakin Umma ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan", in kuma da Hajiya take magana ta ce "'yarki". Hajiya ce ta yaye ni, a ɗakinta na yi wayo, ita ta yi ta yi min kitso har na isa aure. Shi kuma Yaya a ɗakin Umma yake cin tuwo, ita ya fara gaya wa ya ga yarinyar da yake so, ita ta tsaya kan lefensa. Ba zan ce babu kishi a gidan ba, mata biyu ne a tsakar gida ɗaya shekara da shekaru. Sai dai kishin bai taɓa sauka a kanmu ba.

Yaya yadi da shadda yake sayarwa a Kasuwar Gumi. An daɗe da gaya masa yana da hawan jini, amma irin mutanen nan ne da ba sa shan maganin sai ranar da kai ya sara. Ga maganin ciwon jiki na kemis, diklofenak da 'yan uwansa, kusan kullum in ya taso kasuwa. Ga jiƙe-jiƙen basir da na shawara da ake tallarsu da lasifika. Farkon 2022 ƙafafunsa suka fara kumbura, in ya tashi da safe fuska ta yi suntum, abinci ya daina shiga sai tashin zuciya. Gwaggo ta ce sammu ne, 'yan kasuwa ne suka sa shi a gaba don ya buɗe shago na biyu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka kai shi asibiti aka ɗebi jini. Likita ya ce ƙodar duka biyu sun gaza, kuma ba jiya suka fara ba, don ita ƙoda ba ta nuna alama sai mafi yawanta ya lalace.

Wanda bai taɓa jinyar mai wankin ƙoda ba, Allah ya sa kada ya taɓa. A ƙa'ida sau uku ne a mako, kowane zama awa huɗu, jinin mutum yana fita ta roba ya ratsa inji ya dawo. Mu da sau biyu muka fara, muka koma sau ɗaya, wani makon ma sai numfashi ya fara gagararsa sannan a ruga da shi. Kowane wanki a lokacin dubu 40 zuwa 50 muke biya, ban da allurar ƙarin jini, ban da gwaje-gwaje. An hana shi ayaba da dabino da lemo da gishiri, ruwan sha ma aunawa ake yi. Ku tuna zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, a ce ƙato guda yana kallon randa ba shi da ikon ya cika moɗa. Shago na biyu ya tafi, filinsa na Rigasa ya bi baya, sai mota. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 akwai ranar da matarsa ta wuni a layin mai POS, transfa ta ƙi tafiya, shi kuma yana kwance yana haki. A ɗakin wankin kuwa majinyata sun zama 'yan uwa, kowa ya san ranar kowa. In aka kwana biyu ba a ga mutum ba, ba a tambaya.

Tun watannin farko likitan ya faɗa mana gaskiya, cewa wanki riƙon ƙwarya ne, mafita ita ce dashe. Da ya ga mun zaro ido ya ce ba sabon abu ba ne: tun 1954 aka yi na farko da ya yi nasara a birnin Boston na Amurka tsakanin wasu tagwaye, a Nijeriya an fara a Legas a 2000, asibitin Malam Aminu Kano kuma ya yi nasa na farko a 2002. Abu biyu ake bukata, kuɗi da mai bayarwa. Tunda kuma ƙasar nan ba ta da tsarin karɓar ƙodar mamaci irin na Saudiyya ko Ingila, dole mai rai ne zai bayar, an kuma fi son ɗan uwa na jini.

A rabin maganar nan gidanmu ya nuna bajinta. Aka buɗe guruf a WhatsApp, kowa yana tura abin da ya sawwaƙa, Kawu na Zariya yana riƙe da lissafi. 'Yan kasuwa suka yi karo-karo, aka yi sanarwa a masallaci bayan Juma'a. Taro kuwa a zauren Baba an yi ya fi a ƙirga, kowanne maganar miliyoyin ake yi: wa za a je wa, wane mai hali ne ke taimako, Indiya ce ta fi ko Kano. In an zo ɗaya rabin, wato jikin wa za a yanka, sai wani ya ce "Allah zai kawo mafita", a shafa fatiha a tashi. Baba ya ce shi ba zai umarci kowa ba, ba zai hana kowa ba, duka 'ya'yansa ne. Ban ga laifinsa ba. Shi kuma Yaya ya rantse duk wanda ya roƙi wani ƙoda da sunansa bai yafe ba. "Ba zan rayu ana nuna ni ana cewa ga wanda ya nakasa ƙanensa ba," in ji shi.

Ɗakin Hajiya su biyar ne. Rukunin jinin Yaya O ne, mai O kuwa daga mai O kaɗai yake karɓa. Mai bi masa A ne, ya fita. Na ukun da aka auna shi sai ga hawan jinin shi ma ya kama shi bai sani ba. Na huɗu lafiyayye ne, kuma O ne, ya ce zai je gwaji, kullum sai gobe. Daga baya muka ji ashe matarsa ce ta ce in zai bayar ya fara ba ta takardarta. Autarsu budurwa ce tana shekarar ƙarshe a jami'a, ita ce ta fito fili ta ce za ta bayar, sai gida ya yi mata caa: wa zai auri mace mai ƙoda ɗaya? Ko saurayin nata ba a tambaya ba, an riga an amsa masa. Mu 'yan ɗakin Umma kuwa babu wanda ya ko kalle mu da zancen. Ba wanda ya furta, amma kowa ya ɗauka nauyin na shaƙiƙai ne, ɗan uba iyakarsa gudummawar kuɗi da zuwa dubiya.

Ana cikin haka wani mutum da ke yawan zama a bakin wurin wankin, shi ba majinyaci ba, shi ba ma'aikaci ba, ya ja Kawu gefe. Ya ce akwai matasa masu bukata, in an shirya zai kawo wanda jininsa ya dace, a koya masa ya ce shi ɗan gwaggo ne. Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne yadda wannan magana ta samu karɓuwa a zaure fiye da kowace. Mutanen da suka ce ba za a nakasa ɗan gida ba, su ne suka ce ai wannan ya fi, ba mai jin nauyin wani. To shi yaron da za a ɗauko daga tasha ko gareji, ba uwa ce ta haife shi ba? Lokacin kuma shari'ar Sanata Ike Ekweremadu tana bakin kowa. Tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa guda, aka kama shi a Ingila a 2022 kan kai wani matashi ɗan talla daga Legas don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsa, a watan Mayun 2023 aka ɗaure shi shekara 9 da wata 8. A nan gida ma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki. Duk wannan bai sa 'yan zaure sun ja da baya ba. Yaya ne da labarin ya kai masa ya ce, "Kawu, in na sayi ƙodar ɗan talaka, da wane bakin zan roƙi Allah lafiya?" Kawu bai sake ɗaga wayar mutumin ba.

Sai aka koma addini. Gwaggo ta ce jiki amana ne, ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi, kuma ranar tsayuwa ƙodar wa za ta yi wa shaida? Wani ƙanen Baba ya jawo ayar da ta ce kada ku jefa kanku cikin halaka. Ni da autar Hajiya muka je wurin malamin da muke ɗaukar karatu a wajensa ranar Asabar. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce akwai saɓani. Shaihu Sha'arawi na Masar bai yarda ba, hujjarsa kuwa ita ce wadda Gwaggo ta kawo, Shaihu Ibn Usaimin ma bai yarda ba. Amma majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta tun 1982, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta, da sharuɗɗa: mai bayarwa ya zama baligi mai hankali, da yardarsa, kada a ɗauki gaɓar da rayuwarsa ta dogara a kanta, amfanin ya rinjayi cutarwar, kuma kada ciniki ya shiga. Ya karanto mana ayar Suratul Ma'ida, cewa wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Ya ce, "Ku je ku tambayi likita ko akwai halaka. In ya ce babu, ta ɓangarena babu." Muka kawo wannan gida. Waɗanda suka tayar da maganar ba su kawo wata hujjar ba, sun dai koma cewa ai abin da ban tsoro. Ashe tun farko tsoron ne ya ari rigar malamai.

Ni na san jinina O ne tun awon cikin fari. Na daɗe ina zaune a taron nan ina ji ana lissafa mutane ana tsallake ni. Ba mafarki na yi ba, ba wani abin al'ajabi ne ya faru ba. Wata rana ce na je in karɓi matarsa a wurin wanki, aka fito da shi, mutumin da ya sha goya ni a kafaɗa ya kai ni makarantar allo, ya kasa ɗaure mazugin wandonsa sai da ɗansa ya taimaka masa. Kafin mai Keke ya sauke ni a gida na gama yanke shawara.

Baban yara na fara tunkara, bayan ya ci abinci yara sun kwanta. Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce, "In kika mutu, in ce wa yaran nan me?" Na ce mu je dai ya ji daga bakin likita. Ya shiga da takarda a aljihu, ya rubuto tambayoyinsa. Likitar ta ce haɗarin mutuwa ga mai bayarwa kaɗan ne ƙwarai, kamar mutum 3 cikin dubu 10, amma ba za ta ce masa babu ba. Ƙodar da ta rage tana ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin biyun. Mace tana iya ɗaukar ciki ta haihu, sai dai a jira kamar shekara guda, a kuma kula da awo sosai don haɗarin hawan jinin masu ciki yana ɗan ƙaruwa. Akwai tambaya ta ƙarshe a takardar da ya yi ta kallo ya kasa karantawa. Likitar ta gane, ta ce, "Malam, babu abin da zai canja tsakaninka da iyalinka." Ya sunkuyar da kai yana dariya. A hanya ya ce shi ya amince, saura Mama.

Surukata ta saurare ni har na gama, ina durƙushe. Ta ce, "Mu da ƙoda biyu muka auro ki. Gidan naku maza sun ƙare ne?" Ta ce macen da ta haifi uku jikinta ba nata ba ne ita kaɗai, akwai haƙƙin 'ya'ya, akwai na miji. Ta juya kan ɗanta ta ce in na dawo masa majinyaciya kada ya zo mata da kuka, ya nemi mai yi masa girki. Ban ce uffan ba. Tambayarta ta maza tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ta yi min ciwo. A layin ganin likitan ƙoda na ga matan da suka ba mazajensu, na ga uwar da ta ba ɗanta, na ga ƙanwar da ta ba yayanta. Mijin da ya ba matarsa kuwa labarinsa kawai na ji. Baban yara bai yi musu da ita ba, ya bi ta hannun yayanta da take jin maganarsa. Ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Ta dai daina cewa ba ta yarda ba, a wurin Mama kuwa wannan babban rangwame ne.

Saura gida. Hajiya na fara gaya wa, don ita ce uwata a zahiri. Tana tsintar shinkafa, ta ajiye tiren ta ce, "Ba da 'yata ba. Wancan in kwanansa ya ƙare, ƙodar duniya ba za ta ƙara masa ba. Ke 'ya'yanki ƙanana ne. In kika sake tayar min da maganar nan ban yafe miki riƙon da na yi miki ba." Wannan matar fa ita ce nake ji tana kuka a sujada cikin dare duk ranar da na kwana a gida. Ko a nan ba ta kama sunansa, "yaron nan" kawai take ce wa Ubangiji.

Umma kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba daga kan keken ɗinkinta. Ta ce, "To me ake jira? Ai da tuni an yi. Ɗan uwa rabin jiki ne." Shi ke nan, ta ci gaba da taka keke. Da daddare ƙanwarta, Inna, ta kira ni ta ce, "Ke, me kika gaya wa yayata? An ce tun la'asar ta kulle kanta a ɗaki, ko ruwa ba ta sha ba."

Kun ga inda aka sa ni. Kowaccensu ta faɗi abin da mutuniyar kirki za ta faɗa, kowacce ta yi wa abokiyar zamanta kara da ɗan cikinta. Hajiya ba za ta yarda duniya ta ce ta sa an yanka 'yar kishiya don ta ceci nata ba. Umma ba za ta yarda a ce ta hana don ɗan ba nata ba ne. In na bayar, na bi bakin Umma da zuciyar Hajiya. In na fasa, na bi bakin Hajiya da zuciyar Umma. Ina ƙaunar wannan halin na iyayenmu, shi ya riƙe gidan tsawon shekarun nan maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba. Amma a gaban ciwon da ke cin mutum yana cin dukiyarsa kowane mako, kara ta kusa kai Yaya kabari, kowa yana tsaye da ladabinsa.

Inna ce ta warware, ita dama ba ta iya nuƙu-nuƙu ba. Ta taso daga Kawo da sassafe, ta tara su biyun a ɗakin Baba, ta rufe ƙofa, ta ce yau kowa nasa zai faɗa, ba na wani ba. Ba na ciki, ita ta ba ni labari. Ta ce an daɗe ba wanda ya yi magana, sai Umma ta fashe da kuka ta ce, "Tsoro nake ji, Hajiya. Ita ce ta fari." Hajiya ta ce, "Ni ma ina so ya rayu. Allah ya sani ina so." Baba yana zaune da carbi, hawaye na bin gemunsa. Daga nan aka aika aka kira ni. Baba ya tambaye ni ko wani ne ya sa ni, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Na ce babu. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Hajiya ta ce ta janye maganarta. Shi kuma mai rantsuwar, da ya fara cewa ba zai karɓa ba, Umma ta je har bakin gadonsa ta ce, "Ni na haife ta, ni na ce ka karɓa. Ko yau za ka fara musu da ni?" Bai taɓa yi ba, ranar ma bai yi ba.

A Kano aka yi gwaje-gwajen da aikin. An duba jini da fitsari da zuciya, an ɗauki hoton ƙodar, an auna suga da ciwon hanta da ƙanjamau, sannan aka haɗa jinina da nasa a ga ko nasa zai yaƙi nawa. Bai yaƙa ba. Na tambaya ko zamanmu 'yan uba zai kawo matsala, aka ce da magungunan yanzu har mata tana ba mijinta, su da ba jini ɗaya ba. Muka yi takardar rantsuwa a kotu cewa mu 'yan uwa ne kuma ba ciniki a tsakani. Sai wata likita ta shigar da ni ofis ni kaɗai, ta hana baban yara shiga. Ta tambaye ni ko an yi min alkawarin wani abu, ko an matsa min. Ta ce, "In kina so ki fasa, ko a bakin ƙofar tiyata ne, gaya min. Za mu ce wa danginki ba ki dace ba, ba wanda zai san dalili." Na ce ba na fasawa. Amma na fito ina tunanin ɗan uwanmu na huɗu. Da ya san akwai wannan ƙofar, da ya je ya faɗi tsoronsa a ɓoye ya huta, ba sai ya shekara yana cewa gobe yana kauce wa idon mutane ba.

Ta hagu suka ɗauka saboda jijiyarta ta fi tsawo. Nasa biyun ba a cire su ba, a mararsa aka dasa sabuwar. Na farka da azaba a kwiɓi, tari ma sai na riƙe filo. Abin da na fara ji shi ne muryar matarsa a kaina tana cewa, "Fitsari yake yi! Wallahi jakar ta cika!" Ban taɓa zaton zan ga ranar da za a yi wa fitsari kabbara ba. Ba a daɗe ba aka sallame ni, kafin zangon karatu na gaba ya yi nisa na koma aji.

Ni dokokina kaɗan ne: in sha ruwa sosai, in rage gishiri, in guji irin magungunan ciwon jikin nan, in riƙa zuwa gwaji duk shekara. Azumina nake yi cikakke. Na Yaya ne masu nauyi. Zai sha magungunan danne garkuwar jiki, takrolimus da sauransu, safe da dare har ƙarshen ransa, don kada jikin ya ƙi baƙuwar. Aikin kuma ya zo bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, ga maganin daga waje ake kawo shi. Akwai watan da ya fara tsallake na dare a ɓoye don ya kai shi ƙarshen wata, gwaji ya tona masa asiri, sai da aka kwantar da shi. Ranar na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Yanzu guruf ɗin nan kuɗin magani yake tarawa duk wata, wanda ya fi kowa turawa kuma shi ne na huɗu, ba ya fashi.

Baki kuwa ba a rasa shi ba. A wani gidan suna na ji da kunnena ana cewa wai gida Yaya ya saya min a Malali, mutumin da motarsa ma ya sayar. Wasu matan in na ɗauki bokiti sai su yi tsalle su karɓe, suna yi min kallon wadda aka rage. Ban sake haihuwa ba, mu muka tsara hakan da baban yara tun kafin ciwon Yaya, amma Mama ta riga ta san dalili, ba mai canja mata. Autar Hajiya ta auri saurayin nata. Da ta ba shi labarin abin da aka ce a kansa, ya ce da an tambaye shi da shi zai kai ta asibitin.

Abin da ya fi damuna Yaya ne da kansa. Ya daina yi min tsawa. Da, in na yi ba daidai ba, har gidana yake zuwa ya wanke ni tas. Yanzu in na shigo sai ya gyara zama, ya riƙa yi min magana a hankali yana zaɓen kalmomi. Na ce masa in ya ƙara ce min "ranki ya daɗe" zan karɓi abata. Ya yi dariya, amma bai koma yadda yake ba.

Har yanzu nakan tuna mutanen ɗakin wankin nan da ba su da mai ba su, in kuma tuna samarin da ke rasuwa a haɗarin hanyar Zariya da ta Abuja da lafiyayyun sassan jikinsu. Malam ya ce fatawar Jidda ta haɗa da mamaci, in ya yi izini kafin ya rasu ko magadansa suka yarda. Ranar wata Sallah da muka taru na tayar da zancen a gaban Baba. Gwaggo ta ce yau ma ranar farin ciki sai an kira mana mutuwa? Ta kawo hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Na ce malaman da suka halatta sun ce wulaƙanta gawa hadisin ya hana, aikin likita don ceton rai daban ne. Baba ya ce, "Ni dai in na cika da safe, kada azahar ta same ni a gida." Hajiya ta tashi ta ce bari ta duba nama a wuta.

Da muka koma gida na ce wa baban yara in Allah ya sa tsarin ya zo ƙasar nan kafin ajalina, na yarda a ɗauki abin da zai amfani wani a jikina. Ya ce, "Ki rubuta, ki sa shaidu, ni ba zan hana ba. Amma ki sani ranar ba ni kaɗai zan yi magana ba. Ga Baba, ga ƙannenki, ga Mama." Na rubuta. Zuwa yanzu shaida ɗaya na samu, autar Hajiya. Inna ta ce sai ta yi tunani.